Ra'ayi: Masu koyon adana takardu suna Yamai, gara tana Adar

A cikin azumin bara yayana, wanda ke sayar da kayan waya a Abijan, ya kira ni bayan sallar asham. An sace masa jaka, takardar haihuwarsa na ciki, fasfonsa kuma saura wata biyu ya ƙare. An ce masa sai ya kawo sabon kwafi daga inda aka yi masa rajista. Ya ce da ni, "Ƙanena, kai da kake ɗan jarida ai ba za a ja maka rai ba. Je ka karɓo mini." Ni ma na ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Mu mutanen Takanamat ne, amma shi an haife shi a wani gari na arewacin Adar, lokacin da mahaifinmu ke fatauci a can. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin abin da na tarar ba laifin mutum ɗaya ba ne. Jami'in rajistar, wani dattijo mai fara'a, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya saurari bayanina, sannan ya ɗauko mabuɗi ya kai ni wani ɗaki a bayan ofishinsa. Kundaye ne jibge daga ƙasa har gindin taga. Wasu a cikin kwalayen taliya, wasu an ɗaure su da ƙyallen atamfa, wasu zube a kan siminti inda ruwan damina ya taɓa shiga ya bar shaida. Akwai waɗanda aka gada tun kafin a kafa ƙananan hukumomi, an kwaso su daga wani ofishi an zuba a nan, babu ko jerin abin da aka kwaso. Dattijon ya ce, "Ɗana, shekarar da kake nema tana cikin ɗakin nan. Inda take ne sai Allah."

Kwana uku muka yi muna ɗaga kwali muna ajiyewa, ga ƙura ga ƙishin azumi. A rana ta uku muka sami kundin, amma gara ta riga mu. Sunan yayana na nan, sunan mahaifinmu na nan, gefen da lambar takardar da ranar haihuwa suke kuwa ya zama gari. Daga ƙarshe sai da yayana ya rufe shago ya taso daga Abijan, ya nemo shaidu, ya bi ta kotu. Abin da ya kashe a mota, da cinikin da ya rasa a makonnin nan, ya isa a sayi kantocin ƙarfen da za su ɗauke kundayen ɗakin gaba ɗaya daga ƙasa.

A daidai wannan lokaci, a Yamai, wata ƴar'uwa da muka yi zamanin karatu tare, ita tana fannin adana takardu da ɗakunan karatu ni ina fannin jarida, tana wata na huɗu da yawo ofis-ofis da takardar neman horon sanin makamar aiki, wanda kowa a nan ke kira sitaj. Da ta samu, a wata ma'aikata da ita ma ba sai na ambata ba, aikinta bai wuce buga kwafi, da kai wasiƙa hawa na biyu, da sayo wa manya abin kari ba. Wata uku ta yi, ko sau ɗaya ba a buɗe mata ɗakin ajiyar takardun gidan ba. Ranar da ta gama aka sa mata hannu a takardar shaida, aka rubuta cewa ta nuna ƙwazo.

Tsakanin wannan yarinya da wancan ɗaki tafiyar yini ɗaya ce a motar safa, kilomita 500 da wani abu. Abin da nake so in faɗa shi ne a riƙa tura ɗaliban wannan fanni, musamman masu digiri na biyu, su yi sitaj ɗinsu a ƙananan hukumomin jihohi irin namu na Adar, a biya su, a ba su aiki takamaimai, a sa musu mai dubawa. Kuma ƴan'uwanmu da ke ƙetare, waɗanda ɓacewar takarda ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, suna da rawar da za su taka.

Da yawa daga cikin matasanmu in suka ji an ce wani na karatun ɗakin karatu sai su yi dariya, wai har sai an je jami'a kafin a iya jera littattafai a kanta? Fannin ya fi haka faɗi. A cikinsa akwai mai kula da ɗakin karatu, akwai mai tattara wa ma'aikata bayanan da take buƙata, akwai kuma ma'ajin takardun hukuma, wanda shi ne ya fi shafar maganarmu. A Yamai cibiyar IFTIC, wadda aka fi sani da horar da ƴan jarida, tana horar da masu wannan fanni. Waɗanda suka sami hali kan wuce Dakar, makarantar EBAD ta Jami'ar Cheikh Anta Diop, wadda aka kafa a 1967, mai yaye ma'ajiyan takardu da masu kula da ɗakunan karatu na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Wasu kan tsallaka Najeriya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968, ko su je Jami'ar Bayero ta Kano. Mutanen muna da su, kuma kuɗin iyayensu da na ƙasa aka kashe kafin su kai inda suke.

Sai dai wannan sana'a kamar ɗinki take, ko aikin jinya. Allo ba ya koyar da ita shi kaɗai. Malami zai iya bayyana maka cewa ba a gauraya takardun ofishi biyu ko da magana ɗaya suke yi, domin asalin takarda wani ɓangare ne na shaidarta. Zai iya gaya maka cewa takarda tana da zamani uku, lokacin da ake aiki da ita kullum, da lokacin da ake waiwayarta jefi-jefi, da lokacin da ko dai a ƙone ta bisa ƙa'ida ko a ajiye ta har abada. Amma ranar da aka buɗe maka ɗaki irin wanda na shiga, aka ce bisimilla, ranar za ka san ko ka iya. Wanne kwali za ka fara taɓawa? Takardar da ba ta da kwanan wata, ina za ka sa ta? Kundin da danshi ya manne shafukansa, ta yaya za ka buɗe shi bai yage ba? Ɗalibin da ya gama digiri na biyu bai taɓa fuskantar waɗannan tambayoyi da hannunsa ba, kwali kawai yake riƙe da shi.

To me ya sa kowa ke cunkushewa a Yamai? Dalilin a fili yake. A can ne taskar takardun ƙasa take. A can ne cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni take, da sashenta na rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, dubban littattafai da marigayi Boubou Hama ya fara tarawa lokacin yana shugaban majalisar dokoki. A can ne cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka take, mai adana tarihin baka. Ma'aikatun ministoci, bankuna, ƙungiyoyin agaji, duk a can. Waɗannan wurare ne na koyon aiki na gaske, kuma duk wanda ya sami kujera a cikinsu ya riƙe ta da kyau. Matsalar ita ce kujerun ƙalilan ne, masu nema suna ƙaruwa kowace shekara, saura kuma sai su faɗa duk ofishin da kawu ko surukin yaya ya san wani. A nan ne ake mayar da mai digiri ɗan aike. Akwai kuma dalili na biyu wanda ba a cika faɗa ba: sitaj ɗin mafi yawa kyauta ake yin sa. Wanda ba a biya ba dole ya zauna inda yake da tuwon dare da tabarmar kwana, wato gidan dangi a Yamai. Ko yana so ya je Tawa ko Keita, da me zai ci?

Abin da ke cikin kwalayen

Mai karatu na iya cewa, yanzu a ƙaramar hukumar karkara wace takarda ce mai muhimmancin da za a ɗauko mai digiri na biyu dominta? Bari mu buɗe kwalayen.

Na farko kundayen haihuwa, aure da rasuwa. Adar ƙasar ƴan bida ce, kowa ya sani. Da wuya ka sami gida a Takanamat, ko Barmu, ko Afala, ko Kalfu, da ba shi da mutum a Abijan, Legas, Kamaru, Libiya ko Aljeriya. Duk wanda ke waje rayuwarsa a kan takarda take tafiya: fasfo, katin ofishin jakadanci, rajistar yaro a makaranta, karɓar kuɗi, kai har dawo da gawa gida. Dukkansu daga wannan kundi suke tsirowa. Yaron da zai zauna jarrabawa a gida ma haka.

Na biyu, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, takardun filaye. Tun bayan dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira COFO, a matakin gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye. Su ke ba da shaidar mallakar gona ta gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta haya, da ta aro, da ta jingina. Su ke shata burtali da makiyaya da mashaya. Tsari ne mai kyau, har wasu ƙasashe sun zo sun duba yadda muke yi. Amma amfanin takardar fili ba ya bayyana ranar da aka rubuta ta. Yana bayyana ne bayan shekara goma sha biyar, lokacin da mai garin da ya sa hannu ya rasu, shaidu biyu sun tsufa, ɗaya ya manta. Ɗauki misalin da kowane ɗan Adar ya taɓa ji. Mutum zai tafi bida, ya jinginar da gonarsa don kuɗin mota, ko ya ba maƙwabci aro. Shekaru su ja. Ya dawo ko ɗansa ya dawo, ƴaƴan wancan su ce ai babanmu saye ya yi. In kwafin kwamitin yana nan, kuma ana iya gano shi cikin minti goma, magana ta ƙare a zaure. In yana cikin kwalin taliya a ƙarƙashin wasu kwalaye arba'in, to sai rantsuwa, sai kotu, sai gaba tsakanin gida biyu da suka haɗa kaka. Haka ma rikicin manomi da makiyayi: sau da yawa an taɓa zama an shata burtalin, an sa hannu, takardar ce ba a san inda ta shiga ba.

Sannan akwai takardun mulkin ita kanta ƙaramar hukumar. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004. Daga nan zuwa yau magadan gari sun zo sun wuce, sakatarori an canza musu wuraren aiki, a watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun aka naɗa kantomomi. Ba ina maganar dacewar wannan ko rashin dacewarsa ba ne a nan. Abin lura shi ne duk wanda ya zo sabo, ba abin da zai gaya masa filin da aka ware wa makaranta, ko ɗan kwangilar da aka biya rabin kuɗin rijiya, ko yarjejeniyar da aka ƙulla da wata ƙungiya, sai takarda. Ayyukan raya karkara su ma suna barin tarin taswirori da rahotanni. Aikin Keita kaɗai, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, shekaru ya ɗauka ana farfaɗo da ƙasa ana auna ta ana rubutawa. Irin wannan ilimi ɗaliban aikin gona na Tawa ya kamata su riƙa samu a kusa da su.

Mu ƴan jarida muna yawan ambaton dokar Fabrairun 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Nakan ji abokan aiki suna kukan cewa jami'ai na ɓoye takardu. Wani lokaci gaskiya ne. Amma tun da na shiga ɗakin nan na fara zargin cewa sau da yawa jami'in da ya ce maka "ka dawo gobe" ba ɓoyewa yake yi ba, shi ma bai san inda take ba, kunyar faɗa yake ji.

Me ɗalibi zai iya yi cikin wata shida? Na tambayi ƴar'uwar nan tawa, ta zayyana mini, kuma babu abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma a ciki. Makonnin farko ƙirga ne kawai: a san kwali nawa, kundi nawa, daga wace shekara zuwa wace, wanne ya lalace. Sai a raba takardu bisa ofishin da ya samar da su, a cire ƙusoshin ƙarfen da ke tsatsa suna cin takarda, a kakkaɓe ƙura, a ware waɗanda gara ko danshi ya taɓa don kada su shafi saura. Sai a ba kowane kundi lamba, a rubuta lambar a bayansa da kuma cikin jeri guda, kwafi ɗaya a takarda ɗaya a kwamfuta. A ɗaga komai daga ƙasa, a janye kantoci daga jikin bango, a toshe inda rufi ke yoyo. Daga nan a zauna da jami'in wurin a koya masa yadda zai ci gaba, da littafin da za a riƙa rubuta duk wanda ya ɗauki kundi da ranar da ya mayar. Ta ce wanda ya yi wannan sau ɗaya daga farko har ƙarshe, babu ma'aikatar da za ta ba shi tsoro a rayuwarsa. A manyan cibiyoyin Yamai ɗan sitaj kan sami gefe ɗaya ne na aikin da wasu suka riga suka tsara.

Na san abin da wasu matasa za su ce: a zuba komai a kwamfuta mana a huta. Ni ma ina son hakan, kuma hukumomi sun fara shigar da rajistar haihuwa a na'ura. Amma wanda ya ɗauki hoton shafi dubu goma bai tsara su ba, ya mayar da kwalin taliya cikin kwamfuta ne kawai, kuma ita kwamfutar ta fi kwali saurin mutuwa a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, zafi da ƙura kuma ba su da hutu. Tsarawa ce gaba, ɗaukar hoto na biye, sannan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Manhajojin ma akwai na kyauta, irin su Koha da PMB na ɗakunan karatu, da AtoM na taskar takardu. Wanda zai zauna ya ciyar da su ne babu.

Inda maganar ke da ƙaya

Ba zan yi kamar shawarar ba ta da matsala ba. Ta farko tsaro. Duk ɗan arewacin Tawa yana tuna Maris na 2021, lokacin da aka kashe mutane 137 a ƙauyukan gundumar Tillia, kuma har yau akwai hanyoyin da ba a bi da yamma. Ba wanda zai ce a ɗauki ɗiyar mutane a kai ta inda ma'aikatan wurin ma a ɗar-ɗar suke kwana. A fara da inda ake iya zama: birnin Tawa da kansa, Ƙonni, Illela, Madawa, Buza, Keita. Ƙananan hukumomin da ke bakin hatsari kuwa, da izinin hukuma ana iya kawo tsofaffin kundayensu Tawa kashi-kashi, da takardar karɓa da ta mayarwa, a tsara su a ɗauki hotonsu. In ma an duba, su ne suka fi buƙatar a yi musu kwafi da wuri. Mun ga abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka cinna wa dubban rubuce-rubucen cibiyar Ahmed Baba wuta. Waɗanda suka tsira sun tsira ne don wasu sun san abin da ke hannunsu, sun kwashe shi tun kafin wutar. A gida ma, ɗakin karatun cibiyar al'adu ta Damagaram ya ƙone a tarzomar Janairun 2015. Daminar 2024 kuma ta nuna mana abin da ruwa kan yi wa gini, har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba.

Ta biyu, wa zai duba aikin? Sitaj ba tare da gwani a kai ba wahala ce kawai, kuma ɗalibin da bai ƙware ba yana iya yin ɓarnar da ta fi ta gara, ya yar da abin da bai kamata ba, ko ya wargaza tsarin da shi dattijon ya riƙe a ka. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son a bar kowa a Yamai suke da ita, kuma ban raina ta ba. Amsata ita ce a tura su bibbiyu, mai digiri na biyu da mai digiri na farko. A sami ƙwararre ɗaya a matakin jiha da zai riƙa zagayawa wata-wata, tsakanin ziyara kuma waya da WhatsApp sun isa a nuna masa hoton abin da ya shige duhu. A kafa sharaɗi cewa ɗan sitaj ba ya ƙona ko yar da ko da shafi ɗaya. Makarantar kuma ta daina auna shi da rahoton shafi talatin da rabinsa tarihin ma'aikata ne da aka kwafo daga rahoton na bara. Ta auna shi da jerin da ya yi: a zaɓi lamba, a ce ɗauko, a duba agogo.

Maƙwabtanmu na Najeriya suna da abin da za a duba. Tun 1973 asusun horar da ma'aikata na ITF ya kafa shirin SIWES, inda ɗalibin jami'a, har da na fannin ɗakin karatu, kan yi watanni a wurin aiki da littafin da yake rubuta abin da ya yi, mai gidan aikin ya sa hannu, malami daga jami'a ya zo ya gani da idonsa, kuma akwai ɗan alawus. Ɗalibansu na kukan jinkirin biya, ba aljanna ba ce. Amma littafin nan da ziyarar malami su ne bambancin koyon aiki da zaman ɗumama kujera.

Ta uku sirri. Kundin haihuwa yana ɗauke da abin da iyali ba sa so a ji a kasuwa, wa aka haifa kafin aure, wa aka saka, wa ya auri wa a ɓoye. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ɗan sitaj ya sa hannu a kan alƙawarin riƙe sirri, kuma hoton kundi kada ya kwana a wayarsa. Ni da zan ba da shawara ma, kada a tura mutum garinsu.

Ta huɗu ita ce wadda su ɗaliban suka fi tsoro, kuma suna da gaskiya: kada ƙananan hukumomi su ɗanɗana aikin arha su ƙi ɗaukar ma'aikaci har abada, bana ɗan sitaj, baɗi ɗan sitaj, mai digiri ya tsufa yana sitaj. Mun ga yadda wasu ƴan bautar ƙasa ke ƙare shekarunsu biyu a ofis, a yi musu godiya, a kawo wasu. Ƙaramar hukuma ɗaya ta karkara ba lalle ta iya biyan ma'ajin takardu ita kaɗai ba, amma doka ta ba su damar haɗa gwiwa. Shida da ke gundumar Tawa, wato Afala, Bambay, Barmu, Kalfu, Takanamat da Tebaram, za su iya ɗaukar mutum ɗaya su raba albashinsa. Sai dai ba wanda ke ware kuɗi don aikin da bai taɓa ganin amfaninsa ba. Ranar da kantoma ya nemi takarda aka miƙo masa kafin shayinsa ya huce, ranar za a fara maganar albashi.

Saura kuɗin sitaj ɗin kansa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. In aka ba ɗalibi wannan na wata shida, jika 252 ke nan. A ƙara kuɗin mota, da kantoci, da kwalaye masu kyau, da abin rufe hanci, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ɗakin kwana mai mutunci, musamman in mace ce. Hukumar samar da aikin yi ta ANPE tana da shirye-shiryen sanya matasa a wuraren aiki, ana kuma raba ƴan bautar ƙasa kowace shekara. Ba sabon asusu ake nema ba, a karkata kaɗan daga abin da ake da shi zuwa jihohi.

A nan ne nake juyowa gare ku ƴan'uwa na Abijan, da Legas, da Duwala, da Tarabulus, da masu karanta mu daga Turai da Amurka. Ƙungiyoyinku na ƴan gari sun gina masallatai, sun gina azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, wasu sun sayi motar ɗaukar marasa lafiya. Allah ya saka. Na san tsara kundaye ba abin da ake ɗaukar hotonsa a tura a zauren WhatsApp a yi ta sa albarka ba ne, ba a kuma rubuta sunan kowa a jikin bango. Amma ku lissafa abin da mutum ɗaya daga cikinku ke kashewa in takarda ta tilasta masa dawowa gida ba shiri. Mutum ashirin in kowa ya ba da jika biyu da ƴan kai a wata, an biya ɗalibi ɗaya. Sharaɗin kawai kuɗin su bi ta yarjejeniya rubutacciya tsakanin ƙungiyarku, da ƙaramar hukuma, da makarantar ɗalibin, a faɗi aikin da za a yi da ranar gamawa, a ƙarshe a turo muku kwafin jerin kundayen, ba sunayen mutanen da ke ciki ba.

Akwai wani abu da ke ba ni kunya kaɗan. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975. Da tsofaffin takardu, da rubuce-rubucen malamai, da bakin dattawa ya haɗa wannan aiki. A Abalak har yau akwai gidajen malamai masu riƙe da littattafan hannu na kakanni, kuma a garuruwanmu da yawa akwai buhun fata da ke rataye a ɗakin wani liman, ba wanda ya san abin da ke ciki sai shi. Jami'ar da ke da wannan suna ita ta fi dacewa ta zama masaukin ƴan sitaj ɗin nan, ta ba su ɗaki da kwamfuta da malamin da zai riƙa leƙa su, ko da fannin ba ya cikin darussanta. Ɗalibanta na shari'a da na mulki su ne gobe za su zauna a ofisoshin da waɗannan kwalaye suke.

Bayan sallah dattijon nan ya kira ni. Ya ce tun da muka hargitsa ɗakin ya sa yara sun ɗora kwalayen a kan bulo da katako, ya kuma rubuta shekaru a jikin waɗanda ya gane. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma wanda zai gaje shi bai san ko da abin da shi ya sani ba. Ya tambaye ni, "Ɗana, yarinyar nan da ka ce ta karanci aikin, za ta yarda ta zo?" Na tambaye ta. Ta ce in akwai ɗaki mai ƙofa, da abin da za ta ci, da takardar da makarantarta za ta amince da ita, ko gobe. Yayana ya ce zai kai maganar taron ƙungiyarsu na ƙarshen wata a Abijan, amma in fara turo masa lissafin kantocin.